Laftof ta yi shiru bayan an sa mata Linux, tana rubuta "Sortie factice"

Malamar Islamiyya (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema. Na sayi laftof ta hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Duwala, sai ɗan yayata ya ce Windows ɗin da ke ciki ba shi da lasisi, ya cire ya sa min Linux. Komai na tafiya lafiya, rubutu da buga takarda duk ba matsala. Amma sauti ko ƙis babu, ba a lasifikar ciki ba, ba a iyafis ba. In na shiga wurin saitin sauti abu ɗaya tak nake gani, an rubuta "Sortie factice". Yaron kuma ya koma makaranta Ngaundere, sai hutu zai dawo. Ni kuwa da ita nake sa wa ɗalibai karatu su saurara, kuma ina so in riƙa naɗar haddarsu ina tura wa iyaye. Ga azumi ya ƙarato.

Alhajin Kusiri:
Wa alaikumus salam Malama. Ki kai ta kasuwa a mayar miki da Windows ki huta. Mu nan da Njamena duk abin da muke amfani da shi ke nan, ban taɓa jin wanda sautinsa ya ɓace ba. Yaran nan na jami'a kowa so yake ya gwada iliminsa a kan kayan mutane.

Kawu Mai Gyara (Garwa):
Alhaji a yi haƙuri, amma ni da ke zaune a teburin gyara kullum sai an kawo min Windows marar sauti. Sai dai a can an saba, ana sa direba a wuce, ba wanda ke ba da labari. Malama, tambaya ɗaya kafin komai: lokacin da take da Windows kin ji ta yi ƙara da kunnenki?

Malamar Islamiyya (Garwa):
Na ji Kawu. Mai shagon ma sai da ya kunna min karatu a ciki kafin in biya kuɗi.

Kawu Mai Gyara (Garwa):
To alhamdu lillahi, lasifika ba ta mutu ba. Kada ki bari kowa ya kwance miki ita.

Ɗan Marwa:
Malama ga maganin nan a taƙaice, na yi wa mutane da yawa a Domayo. Buɗe Terminal, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, ki rubuta wannan:

`systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber`

In bai yi ba ki faɗa min, akwai na biyu wanda ba ya kuskure.

Malamar Islamiyya (Garwa):
Na rubuta ɗana. Ta mayar min da wani dogon rubutu, abin da na fahimta a ciki shi ne ba ta sami wasu daga cikin abubuwan da na ambata ba.

Injiniya (Ngaundere):
Sannunku. Ɗan Marwa, ka ba da magani ba ka tambayi wane Linux ne ba. Linux ba guda ɗaya ba ne, akwai irin su Fedora da Ubuntu da Mint da Debian, kuma abin da ke kula da sauti ya bambanta daga wannan zuwa wancan. PipeWire sabon shiga ne: Fedora ta fara sa shi a matsayin na asali a Fedora 34 a 2021, Ubuntu ta bi a 22.10, Linux Mint kuma sai a Mint 22 a 2024. Kafin nan PulseAudio ne ke riƙe da wurin, Ubuntu tana amfani da shi tun 2008. In nata tsohon ne, umarninka ba shi da wanda zai tasa.

Malama, ki rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya ki turo mana abin da suka ce:

`cat /etc/os-release`
`pactl info`
`aplay -l`

Na ƙarshen ƙaramin harafin L ne, ba lamba ɗaya ba.

Malamar Islamiyya (Garwa):
Na farko ya ce Debian 11, a gefe an sa bullseye. Na biyu na ga sunan pulseaudio a ciki. Na uku ya ce "aucune carte son n'a été trouvée".

Injiniya (Ngaundere):
Madalla, wannan layin na uku shi ne labarin gaba ɗaya. Bari in ɗan yi bayani don sauran masu karatu, saboda nan ne mutane ke ɓata lokacinsu.

Sauti a Linux hawa-hawa yake bi. A ƙasa akwai guntun na'urar sauti da ke manne a allon kwamfutar. A samansa akwai ALSA, wato direbobin da ke cikin kernel (zuciyar Linux ɗin), su ne ke magana da na'urar kai tsaye. A saman ALSA akwai PulseAudio ko PipeWire, masu karɓar sauti daga manhajoji su haɗa su miƙa ƙasa. Can sama kuma sai manhajar da kike kunna karatu da ita. In PulseAudio ya leƙa ƙasa bai ga kowace na'ura ba, sai ya ƙirƙiri wata mafita ta bogi don kada manhajoji su rikice, ita ce kike gani a saitin. Shi kuwa `aplay -l` ba ya tambayar PulseAudio, ALSA yake tambaya. Tunda ya ce ba kati, wato bai ga na'urar sautin ba, matsalar tana ƙasa. Ko sau ɗari aka sake tayar da PulseAudio ba abin da zai canza.

Da ya nuna katin, da sai mu ce to a duba sama: ko an kulle sautin, ko yana tafiya HDMI, ko makamancin haka.

Ɗan Marwa:
Yaya Injiniya duk wannan lacca ce, Malama sauti take so. Malama ga na biyun. Ki rubuta `su -` ki sa kalmar sirrin root, wato ta mai cikakken iko a kan kwamfutar, sannan:

`nano /etc/modprobe.d/sauti.conf`

A ciki ki rubuta layi ɗaya:

`options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1`

Ctrl da O, Enter, Ctrl da X. Ki kashe ki kunna.

Malamar Islamiyya (Garwa):
Allahu Akbar! Ta yi magana! Ɗan Marwa Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mace tagari. Yanzu haka Suratul Mulk ke tashi a ɗakin.

Ɗan Marwa:
Amin Malama. Ina masu lacca?

Alhajin Kusiri:
To ai shi ke nan, yaro ya yi abin kai.

Injiniya (Ngaundere):
Ina nan ƙanena. Malama, kin ce kina so ki naɗi haddar yara. Don Allah gwada makirufo kafin mu watse. Rubuta `arecord -f cd -d 5 gwaji.wav` ki yi magana na daƙiƙa biyar, sannan `aplay gwaji.wav` ki ji abin da ya shiga.

Malamar Islamiyya (Garwa):
An ɗauke mana wuta ne jiya batir ya ƙare, sai yanzu na samu na gwada. Ba abin da ya shiga. Na yi sallama har na ɗaga murya, da na kunna shiru kawai. A wurin saiti ma ɓangaren makirufo ba ya motsi. Amma in na sa iyafis mai makirufo a jiki yana ɗauka.

Injiniya (Ngaundere):
Abin da nake tsoro ke nan. Layin da Ɗan Marwa ya ba ki ba ƙarya ba ne, yana aiki, shi ya sa ya bazu ko'ina. Amma ga abin da yake yi. Laftof na Intel na 'yan shekarun nan suna da wani ƙaramin inji na musamman mai sarrafa sauti, ana ce masa DSP. Makirufon da ke saman allo, kusa da kyamara, a yawancinsu na dijital ne, kuma ta cikin wannan injin kaɗai yake bi. Lamba 1 da kika rubuta tana ce wa kernel ya ƙyale injin ya koma tsohon direba. Tsohon direban ya san hanyar lasifika da ramin iyafis, bai san hanyar wancan makirufon ba. Kamar ki rufe zaure ne ki shiga gida ta ƙofar baya: za ki isa tsakar gida, amma ɗakin da ƙofarsa ke cikin zaure ya fi ƙarfinki.

Mu nemo dalilin da ya sa hanyar gaskiya ta ƙi. Ki shiga da `su -` kamar ɗazu, ki goge fayil ɗin:

`rm /etc/modprobe.d/sauti.conf`

Ki kashe ki kunna. Sautin zai sake ɓacewa, kada hankalinki ya tashi. Sannan ki sake shiga da `su -` ki rubuta:

`dmesg | grep -i sof`

Malamar Islamiyya (Garwa):
Injiniya wannan sandar da ke tsaye a tsakiya ina take? Na duba madannan duka ban gan ta ba.

Ɗalibar Dang:
Goggo in madannanki na Faransanci ne, wanda ya fara da AZERTY, ki danne AltGr ki buga 6. Maɓallin da ke ba ki ƙaramin jan layi in kin buga shi shi kaɗai. Ni ma sai da ta wahalar da ni a ajin farko.

Malamar Islamiyya (Garwa):
Yawwa 'yata, ta fito. Ga abin da ya rubuta, akwai layuka da dama amma wannan ya maimaitu:

`firmware: failed to load intel/sof/sof-tgl.ri (-2)`

Injiniya (Ngaundere):
Ga ɓarawon nan. SOF shi ne Sound Open Firmware, ƙaramar manhajar da ake loda wa wancan injin na DSP duk lokacin da kwamfuta ta tashi. In ba a loda masa ba, ba ya aiki, katin sauti kuma ba ya bayyana sam. "tgl" na nufin Tiger Lake, wato Intel ƙarni na 11. Lamba 2 ɗin nan mai jan layi a gaba kuma a Linux ma'anarta ba a sami fayil ɗin ba. Ba lalacewa ya yi ba, babu shi ne kawai a cikin kwamfutar.

Bari in yi wani hasashe. Wi-Fi ɗinki yana aiki?

Malamar Islamiyya (Garwa):
Ikon Allah. Ba ya yi. Yaron ya ce in riƙa jona wayata da kebul ina ba ta intanet, haka nake yi tun ranar. Na ɗauka haka Linux yake.

Injiniya (Ngaundere):
Ba haka yake ba, ciwo ɗaya ne ya kama su biyun. Debian ta daɗe da ƙa'idar cewa faifanta na hukuma ba ya ɗaukar duk wata manhajar da ba a buɗe asalin rubutunta ba, ko wadda ba za a iya sake ginawa a yi amfani da ita yadda aka ga dama ba. Irin waɗannan ƙananan manhajoji na na'urori sai aka ware su a wani sashe mai suna non-free, wanda sai mutum ya buɗe shi da kansa. Debian 11 ta fito a 2021 a kan wannan tsarin. A 2022 masu aikin Debian suka kaɗa ƙuri'a suka sauya, shi ya sa daga Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, faifan yana zuwa da su kuma yana sa su da kansa. Ɗan yayarki tsohon filashi ya ɗauko, shi ke nan.

Ga gyaran. Da `su -`, ki buɗe:

`nano /etc/apt/sources.list`

Duk layin da ya fara da deb kuma ya ƙare da main, ki ƙara masa `contrib non-free` a ƙarshe. Misali ya zama haka:

`deb http://deb.debian.org/debian bullseye main contrib non-free`

In kin ga layin da ya fara da `deb cdrom`, ki sa masa alamar # a farko, in ba haka ba zai yi ta neman ki sa faifai. Ki adana, sannan:

`apt update`
`apt install firmware-sof-signed alsa-ucm-conf pavucontrol`

Na Wi-Fi kuma ki fara rubuta `lspci` ki duba layin da ke maganar Network. In Intel ne, `apt install firmware-iwlwifi`. Duka ba su da nauyi, ba za su cinye miki data ba.

Alhajin Kusiri:
Ku dubi wannan wahala fisabilillahi. Mace mai ɗalibai a gabanta an mayar da ita makanike. Da ta bi maganata tun shekaranjiya da an wuce wurin. Kuma ni abin da ban gane ba, mutane su ƙi sa abin da zai sa kwamfuta ta yi magana wai don aƙida? Wace irin aƙida ce wannan?

Ɗalibar Dang:
Baba Alhaji, aƙidar tana da dalili. In ba ka iya ganin abin da manhaja ke yi a cikin na'urarka, sai dai ka yarda da wanda ya rubuta ta ido rufe. Su suna ganin bai dace su raba wa mutane abin da su kansu ba su iya dubawa ko gyarawa ba. Ana iya cewa sun tsananta, kuma ai su ma daga baya sun sassauta. Sannan Windows ɗin da ake sa wa mutane a kasuwa, tsakani da Allah nawa ne mai lasisi? Windows 10 kuma Microsoft ta daina ba shi sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 yana neman TPM 2.0, wani guntun na'urar tsaro a cikin kwamfuta, tsofaffin kwamfutocin da suka cika makarantunmu da yawa ba za su ɗauka ba. Su ina za su?

Alhajin Kusiri:
Ta Malama ai sabuwa ce, Injiniya ya ce ƙarni na 11, za ta ɗauka. Kada ki kawo min zancen tsofaffi.

Kawu Mai Gyara (Garwa):
Nan kam Alhaji ya yi gaskiya, tata za ta ɗauka. Ni ba na cikin masu cewa kowa sai ya koma Linux. Wanda aikinsa ke kan wata manhajar da sai Windows, in ya zo wurina Windows nake sa masa. Amma ban yarda a goge kwamfuta gaba ɗaya saboda fayil ɗaya da ya ɓace ba. Masu gyara da yawa abin da suka iya ke nan, kowace cuta a goge a sake zubawa, a karɓi kuɗi, takardun mutum su tafi. Wanda ya saba da haka ba zai taɓa sanin abin da ya lalace ba.

Malamar Islamiyya (Garwa):
Ku yi haƙuri na katse muku. Na yi duka, na kashe na kunna. Wi-Fi ya kawo, har ya ga na maƙwabta. "Sortie factice" ta tafi, `aplay -l` yanzu yana nuna wani abu sof-hda-dsp. Makirufo ma na ga yana motsi in na yi magana. Amma lasifika shiru har yanzu.

Ɗan Marwa:
Kun gani? Nawa aƙalla ya yi ƙara.

Injiniya (Ngaundere):
Yi haƙuri ƙanena, saura ƙiris. Yanzu matsalar ta hau sama, kuma ta sama mai sauƙi ce. Malama, wannan karon ba da `su -` ba, a matsayinki na kullum. Rubuta `alsamixer`, danna F6 ki zaɓi sof-hda-dsp. Za ki ga ginshiƙai a jere. Ki duba ƙasan Master da Speaker da Headphone. In kin ga MM to a kulle yake, ki matsa kansa da kibiya ki danna M ya koma 00, sannan kibiyar sama ki ɗaga shi. Esc ki fita. Bayan nan ki buɗe pavucontrol, manhajar saitin sauti da kika sa ɗazu, ki tabbatar mafitar da aka zaɓa lasifika ce, ba HDMI ba, domin wannan katin yana nuna mafitar HDMI fiye da ɗaya kuma wani lokaci can sautin ke tafiya. Gwaji kuma:

`speaker-test -c 2 -t wav`

Za ki ji murya tana ambaton hagu da dama da Turanci. Ctrl da C ke tsayar da ita.

Malamar Islamiyya (Garwa):
Speaker ne ke kan MM. Na danna M sai ga baturiya tana magana, har jikata ta tsorata ta fita da gudu. Na sake gwajin naɗin, muryata ta fito tas. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, har da Alhaji da ya yi ta faɗa saboda tausayina.

Injiniya (Ngaundere):
Amin. Ki shiga da `su -` sau ɗaya ki rubuta `alsactl store` don ta riƙe saitin.

Auta (Gidar):
Tunda ana ciki, ni ma ga tawa. Mint 22 ce, katin yana fitowa, iyafis na yi, lasifika ba ta yi. In sa wancan firmware ɗin?

Kawu Mai Gyara (Garwa):
A'a ɗana, ciwonka daban. Ka cire iyafis ka buɗe pavucontrol ka duba. In har yanzu tana cewa iyafis na jone alhali ba komai a ramin, to ramin ne. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe a ciki da ke gaya wa kwamfuta an soka abu, ita kuma sai ta kashe lasifika. A wannan hunturun ƙura na shiga ta danne shi. Jiya ma na yi wa wani: na kashe kwamfutar, na hura ramin da abin hura iska, na naɗa ɗan auduga a tsinken sakace na ɗiga masa alkol na juya a hankali, audugar ta fito ja wur da ƙasa. Ban da allura, ban da duk wani ƙarfe. Kafin ka samu ka share, a alsamixer akwai Auto-Mute Mode, in ka mayar da shi Disabled lasifika za ta yi ko da tana zaton iyafis na ciki.

Injiniya (Ngaundere):
Ƙari a kan na Kawu, abu biyu. In kana da Windows a gefe a kwamfuta ɗaya, ka shiga ka kashe "Démarrage rapide", wato saitin saurin tashi na Windows. Tun Windows 8 yake nan, kuma idan yana kunne Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya in ka kashe, yakan bar na'urar sauti a wani hali da Linux ba ya iya tayar da ita daidai. Na biyu, wasu sababbin laftof suna da ƙaramin amfilifaya na daban don lasifika, irin su CS35L41 na Cirrus Logic. Iyafis ba ya bi ta kansa, shi ya sa yake yi lasifika ta ƙi. Wannan sai sabon kernel da sabon firmware. Turo mana `uname -r` da sunan samfurin kwamfutar.

Auta (Gidar):
Kawu ya canka. Ba komai a ramin amma tana cewa a jone yake. Bari in nemo auduga.

Ɗan Marwa:
Ni dai har yanzu ina kan bakata. Wanda ba ya buƙatar makirufo, kuma ba shi da data ko kaɗan, layina ya ishe shi. Ba kowa ke naɗar hadda ba.

Injiniya (Ngaundere):
Ban musa ba, matuƙar ka gaya masa abin da zai rasa kafin ya rubuta. Akwai ma kwamfutocin da SOF ɗin ke ba su matsala, dole sai an bi ta taka hanyar.

Malama, magana ta ƙarshe daga gare ni. Debian 11 ta tsufa, tallafinta na dogon zango iyakarsa watan Agustan 2026, Debian 13 kuma ta fito tun Agustan 2025. Kada ki taɓa komai yanzu tunda tana aiki kuma azumi na tafe. Bayan salla sai a kwashe takardunki a filashi a sa miki sabuwa. Kuma duk wanda zai sa, ya fara tayar da ita daga filashin ba tare da ya zuba ba, ya gwada lasifika da makirufo da Wi-Fi tukuna.

Ɗalibar Dang:
Ni da Mint za a sa wa Goggo, ta fi sauƙin sha'ani ga wanda ya saba da Windows. Sai dai saukar da ita kusan giga 3 ne.

Kawu Mai Gyara (Garwa):
Ba sai ta sauke ba, ina da su biyun a filashi. Malama in an sha ruwa lafiya an yi salla, ki aiko yaro da ita shago da safe kafin rana ta yi zafi, ki haɗo da cajarta.